Rabo da Jar Motar Taubashinsa

A shekarun da arzikin man fetur ya ɓarke a ƙasar nan, duk direban da ke bin hanyar Ƙanƙara zuwa Faskari ya san Rabo. Ba wai don garejinsa na da kyan gani ba. Garejin ma suna ne kawai: gindin wata tsamiya a bakin tasha, da rumfar kwano da ta karkace, da ƙasar da baƙin mai ya jiƙa har ciyawa ta haƙura ta daina fitowa. Aiki ɗaya ya sa aka san shi, gyaran ƙafar mota ta gaba. In motarka ta fara dungure da hanci, ko cikinta na gogar ƙasa, ba sai ka tambaya ba, wani zai ce maka ka kai wa Rabo.

Ɗan maƙera ne daga Pauwa. Uwarsa ta rasu yana goye, ƙanwar ubansa, Gwaggo Indo, ita ta ɗauke shi ta yaye shi, ta kuma ci gaba da riƙonsa har ya isa riƙe zugazugi. Ƙira ba ta zaunar da shi ba. Wata kaka ya bi motar auduga zuwa Funtuwa da niyyar yin dako, sai ya ga wasu mutane kwance ƙarƙashin mota suna fama da ƙarfe, shi ke nan ya tsuguna kallo, kallon da ya ci masa shekaru. Da ya dawo gida, hannunsa na maƙeri ne, idonsa na makanike.

Shakazoba, ga wanda bai taɓa leƙa bayan taya ba, wani bututun ƙarfe ne mai mai a ciki, da sifirin naɗe a jikinsa, shi ke shanye dukan da hanya ke yi wa mota. Waɗanda suka ƙera shi da hanyarsu suka auna, ba su taɓa ganin gargadar hanyar Sabuwa bayan damina ba. Saboda haka Rabo ya fito da tasa dabarar. Sai ya danne sifirin ya ɗaure da waya, ya buɗe bututun, ya zubar da ɗan tsinkakken man da ke ciki, ya ɗura man giyar mota mai kauri. Sannan ya yanko roba daga tsohuwar tayar babbar mota, ya cusa ƙarƙashin sifirin. Mota sai ta miƙe tsaye, gabanta ya ɗaga, a labta mata buhunan dawa da mutane da awaki ta ratsa kwazazzabo cikinta bai taɓa ƙasa ba. Ba wanda ya taɓa dawo masa da ƙorafi. Gaskiyar magana kuwa, hanyoyin ba su taɓa barin kowa ya yi gudun da zai gane aibin dabarar ba.

Rabo ba mai yawan magana ba ne, kuma ba shi da fara'ar a zo a gani. Mutum ɗaya ne a duniya yake yi wa wasa, Labaran, ɗan Gwaggo Indo, taubashinsa. Amma fa a kan wannan mutum ɗaya ya tattara duk iya shegen da Allah Ya ba shi. Makaminsa shi ne fuska. Rabo zai shara ƙarya fuskarsa a murtuke, murya ƙasa-ƙasa, har ka ji tausayinsa. Suna yara ya gaya wa Labaran an rufe makaranta saboda hedimasta ya rasu, Labaran ya yi zamansa gida, washegari hedimastan da kansa ya zane shi. Bayan Labaran ya zama akawu a Kaduna, Rabo ya aika direba ya ce masa rumbun uwarsa ya ƙone ƙurmus. Labaran ya baro aiki ya zo afujajan, ya iske ta tana sussuka tana waƙa. Labaran ma bai bar ta kwana ba. Ranar kasuwar Ƙanƙara ya ba mai shela goro, aka bi layi-layi ana sanar da jama'a cewa Rabo makanike ya yanka sa yana rabon nama kyauta. Sai da Rabo ya ɓuya bayan rumbunan wani gida har la'asar.

Haka suka taso, kowa na dariya, Gwaggo Indo ta fi kowa. In ɗaya ya kawo mata ƙarar ɗaya sai ta ce ita ba alƙaliyar mahaukata ba ce. Kuma duk wanda ya san su ya san ba abin da ke faranta wa Rabo rai kamar ya hango Labaran ya sauko daga mota yana zaginsa tun daga nesa.

To, sai ga zamanin kuɗi. Labaran ya ajiye aikin gwamnati ya shiga kwangila, yau siminti, gobe kwanon rufi, kafin ka ce me ya yi ƙiba ya sayi agogon zinariya. Da kakar wata shekara, ana tsakiyar cirar auduga, sai ga wata jar mota ta shigo tashar Ƙanƙara tana tafiya kamar mai ciwon baya. Ƙofa biyu gare ta, kujera biyu, doguwar hanci, ga ta a ƙasa har ka ce kwanciya ta yi. Daga kwalta zuwa nan hanyar burji ta gama da ita: cikinta duk ya kurje, ƙafafun gaba na zubar da mai. Labaran ya fito da ƙyar, don sai mutum ya naɗe kansa kafin ya fita daga cikinta.

"Kai baƙin maƙeri," in ji shi, "wanke hannunka ka zo ka ga abin da ubanka bai taɓa gani ba."

Rabo ya zagaya motar, sannan ya ce, "Wagga ta yara ce? Ina babbar?"

Bayan sun gama cin mutuncin juna, Labaran ya faɗi abin da ya kawo shi. Idon Gwaggo Indo ya yi yana, da ƙyar take bambance mutum da turmi. Ya samo likita a Kaduna wanda zai yi mata aiki, an ba shi rana. Yana so ya shiga da motar har ƙofar gida a Pauwa, ya ɗauki uwarsa a cikinta mutanen gari na kallo. Ya ce ta sha wahalar jaki da bayan a-kori-kura, wannan karon a kujerar gaba za ta zauna. Ya jefa wa Rabo makulli, ya ce ya san yadda zai yi ya ɗaga ta, shi kuma ya hau bayan babur ya wuce gida.

Rabo ya yi aikin da ya saba, ya ma fi kyautata shi, tunda Gwaggo za a ɗauka. Sifirin ɗin motar gajere ne mai taurin kai, sai da ya tsinke waya ya kusa cire masa haƙora kafin ya ɗauru. Ya ɗura man giya, ya yanka roba mai kauri, ya ƙara wata bisa wata. Da ya sauke ta daga jak sai ga jar mota ta ɗaga hanci sama, ta yi tsayin da za ta iya shiga ko'ina. Direbobin tasha suka taru suna yaba masa.

Da hantsi ya fita gwaji. Ya bi hanyar Faskari, motar na ratsa gargada lafiya lau, har zuciyarsa ta yi fari. Da ya hau kwaltar da ta nufi Funtuwa, wajen Mairuwa, ya ga hanya ta miƙe ba kowa, sai ya ce bari ya ji abin da ya sa ake sayen irin wannan mota. Ya taka. Bai taɓa sanin ƙarfe na iya tafiya haka ba. Itatuwa suka fara wucewa a guje, sai ya ji sitiyari ya yi sakayau a hannunsa, kamar ba a haɗe yake da komai ba. Iska ta shiga ƙarƙashin hancin da ya ɗaga. Tayar gaba ta taka wani ɗan tudu wanda ko keke ba zai ji ba, man giya ya ƙi matsawa, gaban motar ya yi tsalle ya dira a karkace. Abin da ya sani bayan nan shi ne yana tsakiyar gonar auduga, injin ya mutu, ƙura ta rufe shi, wasu mata masu cira sun watsar da ƙwaryarsu suna salati.

Ya daɗe zaune a ciki. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba, kuma ba don kansa ba. Ya san tuƙin Labaran. Mutumin da ko keke ya hau sai ya tsere wa iska, shi ne zai hau wannan kwalta da Gwaggo a gefensa.

A nan ne ya yi lissafin da ya zame masa ciwo. In ya cire robar ya mai da tsinkakken mai yanzu, motar ba za ta kai Pauwa ba, burin Labaran ya rushe. In ya bar ta a ɗage, za ta shiga ta fito lafiya, sai a tsaya a Ƙanƙara ya kwance aikin cikin yini ɗaya kafin a hau kwalta. Abu mai sauƙi, magana ce kawai zai yi wa Labaran. Ya manta ko shi wane ne a wurin Labaran.

Ya kai motar Pauwa a hankali. Gari ya fito, Gwaggo Indo ta shafa ƙarfen da tafin hannu tana sa albarka. Da hayaniya ta lafa, Rabo ya ja Labaran gefe, ƙarƙashin wata ɗorawa, ya gaya masa duk abin da ya faru a Mairuwa, bai rage komai ba. Fuskarsa a murtuke, muryarsa ƙasa-ƙasa.

Labaran ya saurara har ƙarshe, sannan ya fashe da dariya har yana dafa itace. "Gonar auduga ko? Da mata masu salati? Kai, wagga ta hi ta rumbu tsari. So kake in bar maka ita ka yini kana yawon tashe cikin gari, 'yan mata na ganinka."

"Labaran, ba wasa nike ba."

"Yaushe ka taɓa cewa wasa kake?"

Rabo ya nuna masa ganyen auduga da ya maƙale a ƙarƙashin motar. Labaran ya ce lallai an sha wahalar shirya wannan ƙarya, har da tsinko ganye. Rabo ya rantse da Allah, abin da bai taɓa sakawa cikin wasansu ba. Labaran ya ɗan tsaya, ya dube shi, sai kuma ya girgiza kai yana murmushi, ya ce tsufa ya fara sa Rabo rashin tsoron Allah. Ya ƙara da cewa ranar likita ba ta ɗaguwa, ba zai kwana a Ƙanƙara ba, kuma tsayin nan ya yi masa daidai, ko sisin roba ba za a cire ba.

Rabo ya shiga wurin Gwaggo Indo. Ya same ta tana ɗaure 'yan tsummokaranta da daddawa da kuka a ƙullin zane, don an ce mata miyar Kaduna ba ta da daɗi. Ya durƙusa ya ce, "Gwaggo, ki hana shi. Motar ga in ta hau kwalta kashe ku za ta yi. Ni na gyara ta, ni na san abin da na sa mata."

Ta lalubo kansa ta shafa, tana dariya a hankali. "Rabo, Rabo. Yanzu har ni za ka sa cikin shirmenku? Ku ƙarata can. Ni dai ka bar ni in je a buɗe mani ido in ga yadda ka tsuhwa."

Ya je wurin Baba Gide, dattijon unguwa, wanda ko shari'ar gona aka kawo masa yakan raba. Baba Gide ya saurare shi da kyau, har Rabo ya fara sa rai. Da ya gama sai tsohon ya ce shi ma yana cikin waɗanda suka je karɓar naman san nan a Ƙanƙara suka dawo hannu wofi, don haka ba a sake kama shi. Da yamma Rabo ya zare makullin daga aljihun rigar Labaran lokacin da Labaran ke alwala. Labaran ya fito da wani daga cikin hula, ya kaɗa masa a fuska, jama'a suka yi ta dariya suna cewa yau an yi wa Rabo wayo.

Abin da ya fi ci masa rai ke nan, dariyar. Duk inda ya juya fuskoki ne masu ƙaunarsa, kowa na jin daɗin wasan, kowa na jira ya ga yadda zai ƙare. Ya yi shekaru yana koya wa garin nan cewa in ya murtuke fuska a kan Labaran to ƙarya ce, sun kuwa koya sarai. Ya rasa wace irin fuska zai sa a yarda da shi, tunda guda ɗaya gare shi.

Da safe aka taru rakiya a ƙofar gida. Aka kamo hannun Gwaggo Indo, aka naɗe ta aka sa a kujerar gaba, ƙullinta a cinya. Labaran ya sha babbar riga yana sallama da mutane. Rabo ya zo gabansa, ya cire hula, ya durƙusa a ƙasa, shi da ya girmi Labaran. Ya ce, "Don darajar nonon da muka sha, ka tsaya Ƙanƙara, ko kuwa ka yi mani alkawari ba za ka yi gudu ba." Mata suka rangaɗa guɗa, wani ya ce yau wasan ya kai maƙura. Labaran ya ɗora masa hannu a ka kamar mai sa wa yaro albarka, ya ce ya yafe masa talaucinsa, kuma in ya hau kwalta zai taka ta har ƙasa don Rabo ya ji ƙararta daga nan.

Rabo ya tashi. Maƙerar gidansu na nan kusa, inda ƙanensa ke aiki. Ya shiga ya fito da babbar masaba. Mutane suka buɗa masa hanya suna dariya, a zatonsu wani sabon salo ne. Ya buɗe ƙofar motar, ya ɗago Gwaggo Indo a hankali ya zaunar da ita bisa turmi. Sannan ya koma gaban motar, ya ɗaga masabar da hannu biyu ya sauke a kan hancinta. Fitila ta tarwatse. Dariya ta ragu amma ba ta mutu ba. Ya sake ɗagawa ya sauke, ya sake, har ƙarfen ya lotsa ciki, lagireto, ma'ajin ruwan injin, ya fashe, ruwa ya tsiyaye ya bi ƙasa zuwa ƙafafun mutane. Bai tsaya ba sai da ya tabbata ko aljani ba zai tayar da ita ba.

Dariya ta mutu. Gwaggo Indo na ta juya kai tana tambaya me ya faɗi. Rabo ya ajiye masabar yana haki, ya dubi Labaran. A ransa yana roƙon ya zage shi, ko ya kai masa mari, ko ya kama shi da kokawa a raba su. Labaran bai yi ko ɗaya ba. Ya daɗe yana kallon motar, sannan ya ɗago ya dubi Rabo da wata irin fuska da Rabo bai san yana da ita ba.

"Ashe da gaske kake," in ji shi a hankali.

Zuciyar Rabo ta yi sanyi, ya buɗe baki zai ce alhamdu lillahi.

"Ashe duk shekarun ga da gaske kake. Ni ina dariya, kai kana baƙin ciki da ni."

A bayan a-kori-kura aka kai Gwaggo Indo Funtuwa, daga nan suka shiga motar haya. An yi aikin, ido ɗaya ya buɗe, ta rayu shekaru bayan nan tana tsince tsakuwa a cikin gero da kanta. Jar motar kuwa wata babbar mota ta zo ta kwashe ta, ba a sake ganinta ba. Ba wanda zai iya cewa ga abin da zai faru da ta hau kwalta, kuma wannan shi ne abin da ya hana Rabo sakat. Wasu a Pauwa sun ce ya yi daidai. Da yawa sun ce hassada ce, ta daɗe tana cinsa, ranar ce ta fito. Gwaggo ta tara Rabo da Labaran ta yi kuka, ta ce ita ta yarda da Rabo, duka biyun suka ce mata ba komai, ya wuce. Shi kansa Rabo wani lokaci yakan ajiye sifana yana tambayar kansa ko da ya haƙura wataƙila da Labaran ya tuka a hankali saboda tsohuwa.

Ya ci gaba da aikinsa a gindin tsamiya. Da aka fara shimfiɗa kwalta a yankin ya daina ɗura man giya, direbobi suka yi ta mita suna cewa hannunsa ya lalace, wasu suka koma wurin wani. Bai yi musu bayani ba. Dama ba mai fara'a ba ne, yanzu kuma wanda yake yi wa ita ya tafi, sai ya zama mutum mai gaisuwa da aiki kawai.

Labaran bai yanke zumunci ba, kada a ɗora masa abin da bai yi ba. Duk zuwansa gida yakan tsaya a tashar Ƙanƙara. Wata ranar kasuwa Rabo na ƙarƙashin wata Fijo ya hango ƙafafunsa sun nufo rumfar. Ya fito da sauri yana goge hannu a wando, ya yi ƙarfin hali ya ce, "Wa ya ara maka takalmin ga?" Ya tsaya yana jira, bakinsa har ya fara shirin murmushi.

Labaran ya ɗan rusuna, ya miƙo hannu biyu. "Malam Rabo, ina wuni? Ya aiki? Ya iyali?"

Rabo ya dubi hannuwan, ya miƙa nasa. "Lahiya lau, Alhaji," in ji shi. "Mun gode."